NAUYIN MAHAYI DA ISKAR TAYA: SHAWARA GA MASU JIKI DA KE HAWAN KEKE A BIRNIN ZARIYA

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Albashin akawu da na malamin makaranta bai iya bin ta da irin wannan gudu ba. Saboda haka mutane da dama a birnin Zariya suka jingine babur a zaure, suka kakkaɓe ƙurar tsohon keke, waɗansu kuma suka nufi kasuwa neman na gwanjo.

Hawan keke ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A zamanin En'e, kafin gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, keke shi ne abin hawan ma'aikaci, har a kan ce da shi dokin ƙarfe. Malamin haraji da malamin daji da malamin gona da malamin makaranta duk a kansa su ke zaga ƙauyuka, saurayin da ya kama aiki kuwa ba shi da burin da ya wuce ya mallaki Raleigh nasa na kansa. Sai dai akwai bambanci guda. Wanda ya hau keke a wancan zamani galibi saurayi ne siriri. Wanda ke komawa kansa yau sau da yawa magidanci ne, ya shekara ashirin tsakanin kujerar ofis da sirdin babur, jiki ya yi nauyi, tumbi ya fito. Domin irin waɗannan bayin Allah na rubuta wannan bayani, ni ma kuwa ina cikinsu.

ABIN DA YA SAMI WANI MALAMI

Ina da aboki, malami ne a wata makarantar firamare a Tudun Wada, gidansa kuwa a Kwarbai. Mutum ne kakkaura, ya hau sikeli a asibiti an sami kilo 100 cif, likita kuma ya ba shi shawara ya riƙa motsa jiki, ya ce keke ya fi masa gudu da ƙafa domin ba ya wahalad da gwiwa. Da mai ya yi tsada sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya je ya sayi keken tsere na gwanjo, irin mai lanƙwasasshen kai, marar nauyi, wanda yaro ma ke iya ɗagawa da hannu ɗaya. Tayoyinsa sirara ne, ba su fi kaurin babban yatsa ba. Mai sayarwa ya ce masa irin wannan shi ne ke tafiya kamar walƙiya.

Ran Litinin ya fito daga gida, ya bi lungu, ya wuce Fada, bai kai Babban Dodo ba ƙafar baya ta sace. Ya tura keke wurin mai faci, ya isa makaranta an riga an shiga aji. Ran Laraba haka ta sake faruwa a bakin wata kwata da ta ratsa hanya. Ran Alhamis ya sa aka ɗura wa tayar iska har ta yi tauri kamar dutse. Ran nan bai yi faci ba, amma ya isa makaranta hannuwa na zugi, ƙugu na ciwo, ga kuma wayoyi biyu na ƙafar baya sun katse. Da yamma ya zo mini ransa a ɓace, ya ce, "Wallahi Malam, keke ba na masu jiki ba ne. Sayar da shi zan yi in koma hawan haya, ko da albashin zai ƙare a hanya."

Kafin ya sayar, sai wani tsohon mai faci da ke zama gindin itace kusa da Ƙofar Doka ya ɗauko tiyub ɗin da ya cire ran Laraba, ya nuna masa, ya ce, "Malam, dubi nan. Huda biyu ce a jere kamar sarar maciji. Ƙaya ko ƙusa huda ɗaya su ke yi. Nauyinka ne ya danne tayar har bakin rim ya cije tiyub. Wannan taya ba ta isa ta ɗauke ka ba. An ɗora wa ɗan akuya kayan jaki."

Maganar tsohon nan gaskiya ce, kuma awon da masana suka yi ya goyi bayanta. Bari mu bi ta daki-daki.

ISKA CE KE ƊAUKE DA KAI

Kekunan farko tayoyinsu ƙarfe ne, daga baya aka koma sandararriyar roba wadda babu iska a cikinta, mahayi kuwa na shan girgiza kamar an sa shi a rariya. A 1887 wani likitan dabbobi mutumin Sikotilan mai suna John Boyd Dunlop, wanda ke zaune a Belfas, ya ga ɗansa na wahala a kan ɗan kekensa mai ƙafa uku. Sai ya naɗa wa ƙafafun keken roba mai rami a ciki, ya hura mata iska, ya lulluɓe da ƙyalle mai ƙarfi. A 1888 ya yi wa dabarar rajista. A 1891 kuma 'yan'uwan nan Michelin na Faransa suka fito da tayar da a ke iya cirewa a yi mata faci a mayar. Abin lura a nan shi ne, tun asali an ƙago tayar iska domin ta riƙa lotsawa kaɗan, ta haɗiye tsakuwa da gargada kafin su iso jikin mahayi. Wanda ya ɗura mata iska har ta zama dutse ya mai da kansa zamanin da ba a haifi Dunlop ba.

Roba da zaren da ke cikinta aikinsu su tsare iska kada ta fita. Iskar ita ce ke ɗauke da nauyi. In mai faci ya ce ya sa maka geji 60, ma'anarsa iskar na tura kowane inci murabba'i na cikin taya, watau inci ɗaya tsawo inci ɗaya faɗi, da ƙarfin laba 60. To, ga lissafin da yaran aji shida ma za su iya. Abokina kilo 100 ne, keke da jakar littattafai kilo 10, jimla 110. Wannan nauyi ba ya rabuwa daidai tsakanin ƙafafu biyu, domin sirdi ya fi kusa da ƙafar baya. Kimanin kilo 45 ne ke sauka gaba, 65 baya. Kilo 65 kuwa ya yi laba 143. In ka raba 143 da 60 za ka sami kusan biyu da rabi. Watau tayar baya za ta yi ta lotsawa har wurin da ya taɓa ƙasa ya kai kusan inci murabba'i biyu da rabi, sa'an nan ta tsaya.

Faffaɗar taya da ta ɗan lotsa kaɗan ta sami wannan fili, domin tana da faɗin da za ta baje. Siririya ba ta da faɗi, saboda haka tilas ta nemi filin ta tsawo, ta yi ta nutsewa har rim ya kusa taɓa ƙasa. A wannan hali, da ta haɗu da bakin kwata ko kan dutse, sai ƙarfe ya matse tiyub, huda biyu ta fito. Wanda ya taɓa ganin raƙumi da jaki sun shiga rairayi tare ya ga misalin abin da idonsa: mai faffaɗar ƙafa mai taushi na tafiya a sama, mai ɗan kofato na nutsewa.

Masu ƙera kekuna sun daɗe da sanin cewa baya ta fi gaba wahala. Shi ya sa in ka ƙirga wayoyin tsohon Raleigh na Nottingham sau da yawa za ka sami 32 a ƙafar gaba, 40 a ƙafar baya. Abin mamaki, mu mahaya sai mu sa iska iri ɗaya gaba da baya.

KASHI ƊAYA CIKIN BAKWAI

To, lotsawa nawa ce daidai? Wani injiniya mai suna Frank Berto, wanda ya yi zamansa a Amurka, ya tara tayoyi masu faɗi dabam-dabam, ya riƙa ɗora musu nauyi yana aunawa. Ma'aunin da ya yi aiki da shi, wanda mahaya da yawa ke bi har yanzu, shi ne taya ta lotsa kimanin kashi 15 cikin 100 na faɗinta sa'ad da mahayi ke zaune, watau kusan kashi ɗaya cikin bakwai. In ta fi haka, tana cikin hatsarin cizon rim, ga nauyin tuƙi. In ta gaza haka, girgiza ta yi yawa, riƙon ƙasa kuma ya ragu.

Bisa irin wannan lissafi, ga iskar da ƙafar baya mai ɗauke da kilo 65 ke bukata:

Taya mai faɗin milimita 23, geji kusan 150.
Mai faɗin milimita 28, geji kimanin 105.
Mai faɗin milimita 32, geji kimanin 85.
Mai faɗin milimita 40, geji kusan 60.
Mai faɗin milimita 50, geji kimanin 40.

A dubi layin farko da kyau. Galibin tayoyi masu faɗin 23 iyakar iskar da aka rubuta a jikinsu ba ta wuce geji 120 ko kusa da haka ba. Ashe abokina ba shi da mafita a kan wannan taya. In ya sa iskar da tayar ke iya ɗauka, ba ta isa nauyinsa ba. In ya sa wadda ta isa nauyinsa, ya wuce iyakar tayar, tana iya fashewa da shi a tsakiyar hanya. A dubi kuma layi na huɗu, wanda shi ne faɗin tayar babban baƙin keke irin na iyayenmu. Da iskar da ba ta kai rabin waccan ba, ta ɗauke shi lafiya. Ƙafar gaba mai kilo 45 kuwa geji 40 ya ishe ta a kan irin wannan taya. Saurayi mai kilo 60, shi geji 40 ya ishe shi har a baya. Saboda haka in ka ji abokin aikinka siriri ya ce shi 40 ya ke sawa bai taɓa faci ba, kada ka kwaikwaye shi. Kowane allazi da nasa amanu.

Waɗannan lambobi mafari ne, daga nan kowa zai gyara gwargwadon hanyarsa. Wanda tafiyarsa duk a kan kwalta ce, kamar daga Ƙofar Doka zuwa Kongo ko Sabon Gari, ya tsaya a kansu. Wanda rabin tafiyarsa cikin lunguna ce da burji, kamar mai fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona zuwa makarantar ƙauye, yana iya rage kaɗan, muddin bai ji rim na bugun ƙasa ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a ƙetare shi: kowace taya an rubuta iyakar iskarta a gefenta, kada a wuce. Babban baƙin keke shi kansa ya kai wajen kilo 20, zamansa kuma a miƙe ne, saboda haka nauyin baya ya kan fi wanda muka lissafta. In iyakar da ke jikin tayarka ba ta isa nauyinka ba, maganin abin shi ne a nemi taya mai inganci wadda iyakarta ta fi, ko wadda ta fi faɗi.

KO SIRIRIYAR TAYA TA FI GUDU?

Na san wani zai ce ai shi ya ji siririyar taya mai tauri ita ce mai gudu, faffaɗa kuwa nauyi gare ta. Turawa masu tseren keke su ma sun daɗe a kan wannan zato. A shekarun 1990 galibinsu tayoyi masu faɗin milimita 20 zuwa 23 su ke hawa, da iska fiye da geji 100. Dalili kuwa, in aka gwada taya a kan ƙarfe mai santsi cikin ɗakin gwaji, mai tauri ce ke cin nasara. Amma hanya ba ƙarfe mai santsi ba ce. A 2006 wata mujallar kekuna ta Amurka mai suna Bicycle Quarterly, wadda Jan Heine ke shugabanta, ta buga sakamakon gwajin da ta yi a kan titi na ainihi da mahayi a bisa, aka ga ƙarin iska bai ƙara gudu yadda a ke zato ba, faffaɗar taya mai laushin jiki kuma ba ta kasa siririya ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk girgizar da ta ratsa keke ta shiga jikin mahayi ƙarfi ne ya salwanta, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba. Taya mai tauri tana tsalle a kan kowace tsakuwa, mai ɗan taushi kuwa haɗiye ta ta ke yi ta wuce. Mahayi ya kan ji kamar yana gudu saboda karkarwa, alhali agogo bai shaida ba.

Yau masu babban tseren Faransa galibi faɗin 28 zuwa 30 su ke hawa, da iskar da ta gaza ta da nesa. A tseren nan na Faris zuwa Roubaix, wanda aka fara tun 1896, inda a ke bin tsofaffin hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, har faɗin 32 su ke sawa. Waɗannan kuwa samari ne marasa tumbi, galibinsu ba su kai kilo 80 ba. In su sun koma faffaɗar taya domin neman gudu, ina dalilin magidanci mai kilo 100 da zai bi lungunan Kwarbai da Limancin Kona a kan taya mai kaurin yatsa?

KARATUN JIKIN TAYA

Wanda ya yarda zai sauya taya, to, ya yi hattara a kasuwa, domin sunayen inci suna da ruɗu. A gefen tayoyi da yawa akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuwa girman rim ɗin da za ta hau. Ta biyun nan tilas ta zama daidai da ta tsohuwar tayarka, ko da milimita biyar ta bambanta ba za ta zauna ba. Ta farko ita ce ka ke da ikon sauyawa.

Babban baƙin keke tayarsa 28 x 1½ ce, watau 40-635. Keken tsere da galibin kekunan Turai na yanzu rim ɗinsu 622 ne, amma su ma a kan kira su inci 28. Akwai tsohon keken tsere mai 27 x 1¼, shi kuwa 630 ne, ka ga wanda a ke kira 27 ya fi wani 28 girma. Haka nan 26 x 1⅜, wadda a ke samu a kekunan gwanjo na Ingila da Japan, 590 ce, alhali inci 26 na keken hawan duwatsu mai kakkauran taya 559 ne. Saboda haka kada ka ce wa mai kanti ya ba ka ashirin da takwas kurum. Rubuta lambobin a takarda, ko ka tafi da tsohuwar tayar.

Sa'an nan ka duba ko kekenka zai karɓi faɗin da ka ke so. Tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita, da wajen birki, a bar fili a kowane gefe kamar rabin kaurin ɗan ƙaramin yatsa, domin jar ƙasar Zariya in ta jiƙe da damina tana manne wa taya, in babu fili sai ƙafa ta cije. Rim ma yana da nasa iyaka: faɗin taya ya zama kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na faɗin cikin rim. Tsofaffin kekunan tsere galibi ba su karɓar abin da ya wuce milimita 25 ko 28. Mai jiki da ya riga ya sayi irin wannan, ya sa mafi faɗin da zai shiga, ya tsare iskarsa, ya guji ramuka. Wanda bai saya ba tukuna, ya nemi keken da zai karɓi 35 zuwa 40 ko fiye. Tiyub kuma ya zama na faɗin tayar, domin siririn tiyub cikin faffaɗar taya ya kan miƙe ya yi sirara har ya riƙa huda da kansa.

AWO BA TARE DA GEJI BA

Gejin da ke hannun masu faci na bawul irin na mota ne. Tsofaffin kekunanmu da yawa bawul ɗinsu irin mai 'yar roba ne a ciki, geji ba ya karanta shi, keken tsere kuwa nasa siriri ne dabam. Matsa taya da yatsa ma ba awo ba ne, domin da iska ta wuce geji 40 ko 50 yatsa ba ya iya bambancewa. Amma akawu da malami ba su rasa rula da fensir, su kuwa sun isa.

Ka tsai da keke a daɓe mai kyau kusa da bango. Ka sa yaro ya auna da rula daga ƙasa zuwa bakin rim, babu kowa a bisa. Sa'an nan ka hau, da jakarka da duk abin da ka saba ɗauka, ka dafa bango, ƙafafunka biyu a kan feda, ya sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne lotsawar tayarka. Ga taya mai faɗin 40, a sami milimita 6, watau bai cika kaurin fensir ba. Ga mai faɗin 28, milimita 4. In ya fi, ƙara iska. In ya gaza, rage. A yi wa gaba nata, a yi wa baya nata. Da ka sami daidai, sai ka sauka ka matsa da hannu, ka riƙe yadda ta ke a ranka. In kana da famfo na kanka, ka sace iskar duka ka sake bugawa kana ƙirgawa, ka rubuta adadin bugun a bangon zaure, na gaba da na baya.

Famfo na hannu ya fi injin ba da iska na masu facin mota aminci ga keke. Injin nan an yi shi domin babbar taya, cikin ƙiftawar ido ya kan cika tayar keke har ta yi bindiga. Kuma a sani, tiyub ko sabo ne iska na tsiyaya ta jikinsa a hankali. Faffaɗar taya a duba ta kowane mako, siririya mai iska da yawa kuwa kowane kwana biyu ko uku. Galibin sarar macijin nan ba a ranar da aka buga iska ta ke faruwa ba, sai bayan kwana goma an manta.

HUNTURU DA BAZARA DA DAMINA DA KAYA

Iska na kumbura da zafi. Tayar da aka buga da sanyin asuba, in ta wuni a rana a filin makaranta cikin watan Afrilu, iskarta na iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya riga ya kai ta iyaka da safe, kada ya yi mamaki in ya ji ƙara daga aji. A nemi inuwa, domin rana kuma ita ce ke tsattsage roba. Da hunturu kuwa abin ya juya, tayar da aka buga da rana ta kan kwana ta yi ɗan laushi.

Da damina, sa'ad da lunguna suka yi santsi, rage iska kaɗan na ƙara riƙon ƙasa, musamman a ƙafar gaba, wadda in ta zame babu makawa sai an faɗi. Haka in hanya rairayi ce. Amma mai jiki ya rage a gaba ya fi ya rage a baya.

Kayan da aka ɗaura a kariya kusan dukan nauyinsu a ƙafar baya ya ke sauka. Ranar da za ka goyo yaro zuwa makaranta, ko ka ɗauko rabin buhun masara daga kasuwar birni, ko tarin littattafan jarrabawa, ƙara wa baya iska kafin ka tashi, ba tare da wuce iyaka ba. In ka hangi rami ko kwata, rage gudu, ka ɗan ɗaga daga sirdi ka tsaya a kan feda, gwiwoyinka su karɓi bugun. Wannan dabara ita kaɗai na tsare taya da wayoyi da ƙugu.

KOWACE HUDA DA LABARINTA

In ka yi faci, kada ka zauna a benci kana hira har a gama shafa sholisho. Tashi ka duba tiyub, domin shi zai gaya maka mai laifi. Huda ɗaya 'yar ƙarama ta wajen da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce irin ta tsidau, ko ƙusa, ko kwalba. A shafa cikin tayar da yatsa a cire ta, in ba haka ba ta sake hudawa. Huda biyu a jere, iska ce ta yi kaɗan ga nauyinka. Huda ta ciki wajen rim, kan waya ne ya ɓullo, a sauya ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi. Yagewa a gindin bawul, ita ma sau da yawa ƙarancin iska ne, ya sa taya ta riƙa ja da tiyub in an taka birki. Babbar ɓaraka mai baki-baki kuwa, ko iska ta yi yawa, ko tayar ta yage, ko bakinta bai zauna a rim da kyau ba. Wanda ya iya wannan karatu ba ya biyan kuɗin faci ɗaya sau uku.

Abokina dai bai koma hawan haya ba. Ya kai keken tsere kasuwa, ya yi musanya da wani mai miƙaƙƙen kai, tayoyinsa faɗin 40, wayoyi 36 gaba da baya, ya yi ciko kaɗan, ya sayi famfo. Muka auna da rula a zaurensa, ɗansa na riƙe da fensir, muka rubuta bugun gaba da na baya a bango da alli. Kowace Asabar da safe ya kan duba iska. Zangon karatu guda ya wuce, faci ɗaya ya yi, shi ma ƙusa ce ya taka a bakin kasuwa. Kuɗin da da zai ba masu haya yana aljihunsa, ya kuma ce mini ɗamarar wandonsa ta fara yi masa yawa.

Saboda haka, jama'a, wanda Allah Ya hore wa jiki kada ya ce keke ya fi ƙarfinsa. Ya hau sikeli ya san nauyinsa, ya nemi taya mai faɗin da zai ɗauke shi, ya ba baya iska fiye da gaba, ya kiyaye iyakar da aka rubuta, ya duba kowane mako. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa wurin aikinsa a kan lokaci, Ya mai da shi gida lafiya. Amin.